Dattijo a Gindin Hasumiya

Safiyar Lahadi ce, ana kaɗa ƙararrawa a tsohon cocinmu na Aldercombe, amma babbar cikinsu shiru take, don tun bara aka rasa mai jan ta. Wani dattijo da ban sani ba yana tsaye a gindin hasumiya. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, kwat ta yi masa yawa, hula a hammata. Duk inda ya kamata babbar ta amsa, sai ya ɗaga hannu biyu ya jawo iska ƙasa, kamar igiya ya kama.

Misis Pettifer, mai riƙe makullin coci, ta hango shi.

"Baba, ashe gwani ne kai! Hau mana, igiyar na nan ba mai taɓa ta."

"Matakalar nan ta fi ƙarfin gwiwata, 'yata," in ji shi. "Lokacin da nake da ƙafa, fushi ne ya hana ni zuwa."

Ban san da wa suka ɓata ba. Ina dai zaton ya makara, don da aka gama bai nufi hanya ba. Maƙabarta ya shiga, yana goge duwatsu da hannun riga, yana neman suna.