Furen da Ya Ciji Maiwada

A Saulawa idan ka ce Maiwada, sai a tambaye ka wanne. Idan ka ce Maiwada Fure, kowa zai nuna maka gidan yana murmushi.

A Legas ya yi ƙuruciyarsa, yana wanke akwatunan gilashi a shagon masu sayar da kifin ado. Da ya gaji ya dawo gida noman rake, ɗauke da wani tabo a bayan hannunsa, jeri-jeri kamar shatar bulala. Aka tambaye shi, ya faɗi gaskiya. Wata halitta ce ta teku, ka rantse fure ne, amma dabba ce mai baki, tana cin kifi, kuma dafinta ne ya kwantar da shi a asibiti.

Majalisa ta kwashe da dariya. Wansa Usmanu ya ce salansar babur ce ta ƙona shi, kunya ta sa ya laƙa wa fure. Maiwada ya nuna musu bidiyon halittar a waya, suka ce haɗi ne. Da a tsokana abin ya tsaya, da sauƙi. Amma ranar da ake neman shaida kan iyakar gonar maƙwabcinsa, yana miƙewa wani dattijo ya ce, "Zauna. Wanda fure ya ciza ba ya ba da shaida." Maganar ta ci masa rai ƙwarai, don shi mutum ne da ko a wasa bai iya ƙarya ba.

Ana gama yankan rake ya hau mota ya koma shagon na Legas, ya ce a sayar masa da furen. Tsohon maigidansa ya girgiza kai. "Wannan ba na ajiyewa a gida ba ne. Duk kifin da ka haɗa shi da shi zai cinye, ga yawo cikin akwati yana ƙona na kusa. Ɗauki mai sanyin hali."

"Mai mugun halin nake so," in ji Maiwada. "Irin wanda ya cije ni."

Ya iso gida da abinsa cikin akwatin gilashi, da buhun gishirin teku, da injin juya ruwa mai aiki da sola. Matarsa Sabuwa ta yi ta mita: baƙo ya ƙwace ɗakin da ya fi sanyi, gishirinsa ma an hana a zuba a miya. Maiwada ko kallonta bai yi ba.

Bayan sallar Juma'a ɗakin ya cika maƙil da jama'a. Maiwada ya jefa ɗan kifi, furen ya naɗe shi ya haɗiye. Sai Usmanu ya ce, "Ganye ne dai ruwa ke kaɗawa," ya naɗe hannun riga ya zura zai tsinko.

Maiwada ya kaɓe hannun wansa da sauri, nasa ya faɗa kan abin. Zafi ya tsarga masa har ƙwaƙwalwa, gumi ya karyo, amma ya ƙi yin ko uhum. Sabuwa tana salati tana cewa a kawo babur a kai shi asibiti. Ya ce a dakata. Ya tsaya har shatar ta taso, jajir, jeri-jeri, dab da tsohon tabon. Sannan ya ɗaga hannun, ya juya shi a gaban kowa, har dattijon nan na ranar shaida.

"Yaya," ya ce, "ga tsohon, ga sabon. Nuna mini na salansar."