Katifar Tsoho Kwek

A ƙasan benen da take zaune a Singafo, inda ake jibge tsofaffin kaya, Anti Seah tana kallon wata siririyar 'yar Myanmar mai shafe da hodar itace irin ta ƙasarsu a kumatu, sabuwar zuwa da alama, tana kiciniyar ɗaure katifa da igiyar shanya. Katifar tsoho Kwek ce, wanda ya kwana uku a kanta kafin wari ya tona mutuwarsa. Ga tabon nan.

Anti Seah ta toshe hanci. "Ke 'yata, bar ƙazantar nan! Ba a ɗaukar shimfiɗar mamaci."

Matar ta shinshina, ta mayar da tabon ƙasa, ta ƙulle igiyarta.

"Anti, shi ya samu makwanci. Ni wata biyu ke nan ina kwana kan kwali."