Ruwa a Saman Rufin Inna

Muna idar da sallar asuba muka bar Zongon Kwatano a motar yayana, tun masu zem, 'yan acaɓan garinmu, ba su cika titi da rawayen rigunansu ba. Wani Alhaji, abokin cinikin yayan nawa, ya daɗe yana damun mu mu je mu ga baraj ɗin da ya gina a gonarsa, gaba da Allada. Ni a sanina madatsar ruwa aikin gwamnati ce. A ce mutum ɗaya ya tare rafi don shaƙatawa? Son ganin wannan ne ya fito da ni.

Duk da sammakon, sai da muka sha cunkoso a Godomey. A Allada mata suka yanyame motar da abarba, doguwar nan mai zaƙi, arha kuma ta sa yayana ya yi ta loda kamar zai buɗe shago. Daga nan muka bar kwalta muka bi wata jar hanya mai ramuka.

Wurin ya yi kyau, ba ƙarya. Ga ruwa shimfiɗe, ga kwalekwale masu fenti, ga rumfunan ciyawa ana gasa karfasa. Alhaji ya zaga da mu kan ganuwar ƙasar da ta tare ruwan, yana nuna mana mangwaron da ya dasa a kanta saboda inuwa. Ni kuwa bakina ba ya shiru. Na tambaye shi ta ina ruwan yake fita in ya cika. Ya kai ni wata magudana a gefe, an toshe ta da katakai da ragar waya.

"Kifi ke gudu ta nan," in ji shi. "In ruwan ya ja baya kuma, kwalekwale ba ya tafiya."

Na ce to in sama ta sako da yawa fa? Ya yi dariya, ya ce mu mutanen Kwatano tsoron ruwa ya yi mana yawa.

Kafin kifi ya gasu na sulale na gangara bayan ganuwar. Ƙasar wurin jiƙe take, ruwa ja-ja yana tsattsafowa daga gindin wani suri. Na bi shi, sai ga bukkokin Fulani a cikin kwari, wata tsohuwa tana dafa wagashi, cukun nan nasu. Na gaishe ta, na waiga na ɗaga kai, sai ga ganuwar tsaye a saman rufin ɗakinta. Mu a Kwatano ta ƙasa ruwa yake zo mana, a hankali, har ka samu ka ɗora buhuna kan tebur. Ban taɓa tsayawa inda ruwa yake sama da rufin ɗaki ba.

"Inna, ba kwa jin tsoro?"

"Mun riga ruwan zuwa nan, ɗana," ta ce. "In hadari ya haɗu mukan kwashi yara mu hau tudun can. Ni yanzu gwiwa ta ƙi, sai dai a kai yaran."

Da na koma kifin bai shiga ba. Na gaya wa Alhaji abin da na gani, yayana yana ta taka mini ƙafa. Alhaji ba mugu ba ne, ya ce shi bai taɓa sauka ta can ba. Ya yi alkawarin cire katakan da kiran masana su duba ganuwar, amma sai bayan Lahadi, don wasu masu biki sun riga sun kama kwalekwalen.

Da la'asar muka juyo. A Calavi na waiga, na ga gari ya yi baƙi ƙirin ta inda muka fito. Abin da tafiyar nan ta koya mini bai da yawa: in an kai ka kallon ruwa, ka zaga baya ka ga su wa ke kwana a ƙarƙashinsa. Mun shigo Zongo ana yayyafi, kowa na gudun rufe kayansa. Na tsaya a ƙofar gida na kira Alhaji, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Yaran wataƙila an kai su tudu. Inna dai na san tana ɗakinta.