Hoton Zaki da Kyanwar Kasuwar Tattasai

Ina da shagon ɗaukar hoto a Diffa. Wata shekara na raka wani abokina direba gandun daji can yammacin ƙasa, na ɗauki hoton zaki daga cikin mota. Da na dawo na wanke hoton babba, na kafa shi a bangon shagon. Duk wanda ya shigo sai na ba shi labarin.

Wata rana wata likita baƙuwa ta zo hoton fasfo. Daga gabashin Afirka take, tana aikin agaji wajen ƙauyen Yébi, Hausarta ta kasuwa ce. Ta daɗe tsaye gaban zakin. Ashe a ƙasarsu ta yi shekaru tana ɗaukar hoton zakuna da damisa.

"Mai hoto, in faɗa maka gaskiya?"

Na ce ta faɗa.

"Da tsakar rana ka ɗauka, haske ya cinye launinsa. Daga sama ka ɗauke shi, ya zama ƙarami. Idonsa ba ya fita. Wannan baƙin abu a gefe kuma madubin mota ne."

Akwai mutane a shagon suna jiran layi. Ba wanda ya yi dariya. Ta nuna mini nata a waya: damisa kan reshe, ƙwayar idonta kamar za ta yi magana. Likitar ta ce in koya da kyanwa, da sanyin safiya, in sauka ƙasa har idona ya yi daidai da nata.

Na sauke hoton ranar. Da Talata ta zagayo na tafi kasuwar tattasai, inda kyanwowi ke farautar ɓera tsakanin buhuna. Na sami wata ja ta miƙe a gindin buhu. Na durƙusa, bai isa ba. Na kwanta rub da ciki cikin ƙasa, hula ta faɗi, yaji na sa ni atishawa, ina kiranta da baki.

Sai na ga takalma a gabana. Surukina ne, uban matata, tare da dattawa abokan cinikinsa da suka kawo kaya daga bakin kogin Komadugu. Mutumin da ban taɓa cin abinci a gabansa ba.

"Lafiya dai?" ya ce.

"Lafiya lau, Baba. Aiki ne."

Ya dubi kyanwar, ya dube ni, ya ce Allah ya taimaka. Ya yi wa abokansa magana da Barbarci a hankali, suka wuce. Ban san yadda na tashi ba.

Da yamma ya aiko a tambayi matata ko wani abu na damuna. Ta ce a gaya masa lafiyata ƙalau, sannan ta shiga ɗaki ta yi dariya har da hawaye.

Hoton kyanwar ya yi kyau, likitar ma ta yaba. Amma har kakar tattasai ta ƙare ban sake bi ta layin rumfar surukina ba.