Baffa Me-ya-sa da Shafukan da Ba a Yanka Ba

Duk wanda Baffa Sule ya taɓa kai wa ziyara ya san yadda abin yake. Zai yi sallama, ya tuɓe takalminsa na roba, ya zauna a tabarma, kafin ma a kawo ruwa sai ka ji ya ce, "Ina littafina?" Ba ruwansa da tambayar iyali, balle kasuwa. In ka ɗauko, ba zai buɗe farko ba. Sai ya juya shi ta baya, ya sa babban yatsa ya shafa gefen shafukan ƙarshe, sannan ya ɗago ya dube ka ta saman tabarau. Na ga manyan mutane masu furfura suna zufa a gaban wannan kallon.

Ƙanin mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma dillalin tattasai a kasuwar Gashuwa. Amma in ka shiga kasuwa ka ce Sule kake nema, sai a yi ta yawo da kai. Ka ce Me-ya-sa, yanzu a nuna maka rumfarsa. Kakarmu takan ce ya iya wannan tambayar kafin ya iya cewa Inna. Likita ya ce ya sha magani bayan cin abinci, me ya sa? Direba ya ce a sauko a tura mota, zai tura, amma sai an gaya masa me ya sa. Ba gardama yake yi ba. Da gaske so yake ya sani, kuma wannan ya fi gardama gajiyar da mutum.

Tambayar ta zama wani abu daban a shekarar da ruwa ya cinye masa shinkafa a fadamar Dagona, aka kuma binne matarsa, Inna Hauwa, kafin ruwan ya janye. A lokacin ne Baffa ya juya tambayarsa sama. Ya daina zuwa masallaci, daga baya ya daina sallar ma. Ya rufe rumfa ya koma Nguru, ya yi 'yan shekaru yana bin malamai. Ya zauna da 'yan ɗarika, ya zauna da masu sukarsu, har wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa mai zuwa coci sai da ya sha tambaya. Da ya dawo ya ci gaba da sallarsa bai yi wa kowa bayani ba. Sai da ya tsufa ya zauna ya rubuta komai, ya sa wa abin suna Shekarun da Na Yi Ina Tambaya.

Ni na kai shi Nguru ɗauko littattafan, saboda ni ke da mota. Mai ɗab'in wani bawan Allah ne da ya fi sabawa da katin biki da kalanda. Muna buɗe kwali sai muka tarar wuƙar injinsa ba ta kai ga shafukan ƙarshe ba. Babin ƙarshe gaba ɗaya a haɗe yake ta gefe, sai ka sa reza ka tsaga kafin ka karanta. Kuma a wannan babin ne Baffa ya faɗi yadda aka yi ya koma salla. Duk abin da ke buɗe, shakka ce da ɓacin rai.

Mutumin ya shiga ba da haƙuri. "Baba, ku bar min su, gobe in gyara."

Baffa ya ɗauki littafi ɗaya yana juya shi a hannu. Sai na ga fuskarsa ta washe.

"Bar su haka," ya ce.

"Baffa, ai mutane za su ɗauka a can ka tsaya," na ce.

"Wanda ya tsaya a can, shi ya tsaya, ba ni ba. Kai ba ka so ka san wa ke karatu a garin nan?"

Haka aka raba su, kuma haka ziyarce-ziyarcen suka fara. Ya kuma kafa doka: duk wanda ya yanka ya karanta, kada ya gaya wa wanda bai yanka ba abin da ke ciki. Wanda ya faɗa, bai yafe ba.

Wanda ya fara faɗawa tarko abokinsa ne, Alhaji Modu, mai shagon atamfa a Nguru. Muna shiga ya tashi ya rungume Baffa, yana yi masa sannu da zuwa da Barbarci.

"Wushe, wushe, Malam Sule. Littafin nan, wallahi daga bango zuwa bango na karanta. Ƙarshen nan kuwa, sai da na yi hawaye."

"Madalla. Ɗauko in gani."

Aka ɗauko. Littafi fes, ko ƙura bai sani ba. Baffa ya shafa gefen, ya ɗaga shi saitin haske, ya kanne ido ɗaya yana leƙa tsakanin shafukan da ke haɗe.

"Modu, ta nan ka leƙa ka yi hawayen? Lallai idonka ya fi nawa."

Yaran shago suka ɓuya bayan atamfa suna dariya. Baffa kuwa bai ji haushi ba. Ya gyara zama ya ce, "To gaya min, me ya sa mutum zai ce ya karanta abin da bai karanta ba? Ina so in fahimta." Sai da shayi ya huce Alhaji Modu yana neman amsa.

Akwai kuma wani matashin malamin jami'a da ya yanka nasa da kyau, har da ja-layi da jan biro. Shi da ƙafarsa ya zo rumfa, ya tsaya cikin buhunan tattasai yana atishawa.

"Baba, littafin ya yi ƙarfi sosai, amma ƙarshen ya ɓata shi. Da ka bar mai karatu cikin tambayar, da ya fi armashi."

"Wato da ban koma salla ba, da littafin ya fi daɗi?"

"A fuskar adabi, haka ne."

"To ɗana, ina son adabi, amma ba zan shiga wuta don labari ya yi maka daɗi ba. Zauna. Me ya sa kai ka fi son tambayar?"

Ya zauna kuwa. Suka yi ta magana har aka tashi kasuwa, kuma daga ranar duk Juma'a tare suke tafiya masallaci suna musu a hanya.

Wadda ta fi burge shi ita ce Ya Falmata, wata dattijuwa mai bandar kifi daga Dagona. Ba ta karatun boko, jikarta ce ta karanta mata. Ta zo da littafin a ƙullin zani, ya sha mai, ya sha hayaƙi, an tsaga shafukan da wuƙar gyaran kifi sai ka ce ɓera ya ci gefen. Ta ajiye masa a kan buhu.

"Malam Sule, ni ma na daina salla, lokacin da ruwa ya tafi min da ɗana. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Na ɗauka ni kaɗai Allah Ya yi wa irin wannan zuciyar."

Baffa ya cire tabarau. Karon farko ke nan da na ga an yi masa magana bai ce me ya sa ba.

Ita kuwa ta ci gaba. "Amma ni damina guda na yi na dawo. Kai shekaru, har da tafiya Nguru, har da littafi. Ku maza komai sai kun yi masa gayya."

Ya yi dariya har da tari. Ya roƙe ta ta bar masa wannan kwafin ya ba ta sabo, ta ce sai dai in zai yanka mata da kansa. Har ya bar duniya littafin nan na ƙarƙashin matashinsa, ɗakin kullum yana warin banda, kuma bai yarda an taɓa shi ba.

To amma duk wannan yawon, mutum ɗaya Baffa yake jira, kuma kowa ya sani. Mahaifina, Malam Habu, limamin masallacin unguwarmu. Shi ya karanta har inda Baffa ya rubuta cewa ya taɓa tsayawa a bakin kabarin Inna Hauwa ya ce bai ga adalci a wannan hukunci ba. A nan Malam ya rufe littafin. Ya ce zunubin da Allah Ya suturta, mutum ya buga shi a takarda ya raba wa jama'a? Ya rantse a gaban mutane cewa in Sule ya mutu a kan wannan magana, shi ba zai sallace shi ba. Ya hana a ambaci littafin a gidansa, ya daina amsa gaisuwar ƙaninsa. Ni ina tsakiya, na yanka nawa, na san abin da ke ciki, amma Baffa ya ɗaure min baki, Malam kuma ya toshe kunne. Abin ya dame ni ƙwarai, don na san halin su biyun. Jini ɗaya ne, taurin kai ɗaya.

Baffa bai je ya yi bayani ba. Abin da yake yi shi ne, duk Salla, ƙarama da babba, sai ya aiko wa yayansa barka da salla: reza guda ɗaya a naɗe cikin takarda, babu saƙo. Malam ya karɓa, ya yanke farce da ita, ya jefar. Na ce, "Baffa, ka je ka faɗa masa da baki mana." Ya ce, "Shi da ya haddace littattafai masu kauri, shafi kaɗan zai gagare shi? Ina so in ga iya inda zai kai."

Sai ciwon ƙoda ya kwantar da Baffa. Ƙafafu suka kumbura, rumfa ta gagara. Aka sallamo shi daga asibiti da irin sallamar da kowa ya gane. Na gaya wa Malam. Washegari bayan la'asar ya kira ni zaure.

"Ɗauko min littafin mutumin nan."

Na ɗauko. Ya laluba aljihu ya fito da reza, sabuwa a takardarta. Ashe ta Sallar bara bai yanke farce da ita ba. Ya tsaga shafukan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya miƙo min don idonsa ya yi rauni.

Na karanta. Baffa ya rubuta cewa ranar da ya dawo daga Nguru bai shiga gida ba, bakin kogi ya wuce ya zauna, ba amsa ko ɗaya a hannunsa. Rana na faɗuwa sai ya ji kiran magariba daga masallacin unguwa. Ladan ba ya nan, liman ne da kansa, ga mura ta kama shi, murya kamar ta kwaɗon fadama. "Na ce wa kaina, wannan yayana ne. Ya binne 'ya'ya biyu, shi ma ruwa ya ci gonarsa, ga murya ba daɗi, amma bai ji kunyar kiran Ubangijinsa ba. Malaman Nguru sun ba ni hujjoji, shi bai ba ni ko ɗaya ba. Na tashi na yi alwala da ruwan da ya cinye min shinkafa, na bi muryar."

Na rufe littafin. Malam yana kallon ƙasa. Can ya ɗago.

"Kwaɗo? Ni?"

Ya ɗauki sandarsa. Ban taɓa ganin ya yi sauri irin na ranar ba, ni da nake ɗansa sai da na haɗa da sassarfa. Ya faɗa ɗakin Baffa da rabin sallama, littafin a hannu. Baffa, yana kwance, ya miƙa hannu ya karɓa. Ya juya shi ta baya, ya shafa gefen da yatsa.

"Yaya, ka yanka."

"Na yanka. Duk dabbobin da Allah Ya halitta, me ya sa sai kwaɗo?"

Baffa ya fara dariya, ciwo na tsayar da shi, yana ci gaba. Ya dube ni ya ce, "Ka shaida, yau Yaya ne mai me-ya-sa."

Malam ya zauna a bakin gado yana ta faɗa, wai ai mura ce, wai a ƙuruciyarsa har daga unguwar gaba ake zuwa jin ƙira'arsa. Amma hannunsa na kan ƙafar Baffa mai kumburi, yana shafawa.

"Rantsuwar fa, Yaya?"

"Cewa na yi in ka mutu a kan waccan maganar. Ai ka ƙara gaba. Ni ne na tsaya."

Bai daɗe ba bayan nan. Ranar jana'iza mutane suka cika har bakin titi, daga Nguru, daga Dagona, daga Karasuwa. Alhaji Modu ya ja ni gefe ya nuna min littafinsa a aljihu, a tsage, ya ce wannan karon da gaske ya yi hawayen. Malam ya shiga gaba. Da ya ɗaga murya ya yi kabbarar farko sai ta shaƙe, ta fito daidai yadda Baffa ya rubuta. Babu wanda ya yi dariya. Ni dai na kasa riƙe kuka, don na san da yana ji da muryar nan zai sake bi.

Allah Ka jiƙan Baffa Sule, Ka yafe masa shekarun da ya yi yana tambaya, Ka karɓi dawowarsa. Ka haɗa shi da Inna Hauwa a inda babu ambaliya, Ka ba shi amsoshin da bai samu a nan ba. Mu kuma Ka sa mu riƙa karanta junanmu har ƙarshe. Amin.