Sobar Abban Nana

Bana shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, Abban Nana, a nan Kuala Lumpur. Jami'arsu ce ta turo shi digiri na uku, muka kama gida a unguwar Setapak, Nana tana goye.

Kafin aurenmu ya yi karatu a Japan. Can ya koyi cin soba, wata taliya mai ruwan toka da ake yi da garin wani hatsi mai kusurwa uku, wanda ke fitowa inda shinkafa ba ta yi. Yakan ce kowane yanki da irin tasa. Ta gabar yamma baƙa-baƙa ce, don da dusarta ake niƙawa. A arewa kuwa loma-loma ake zuba maka, ba a dainawa sai ka rufe kwanonka. Dariya nake yi masa. Taliya ba mai, ba yaji, kuma da sanyi?

Da ciwon daji ya kama cikinsa, tuwo ya gagara, shinkafa ta gagara, ko ƙamshin suyar mamak, gidan abincin da ke ƙasan benenmu, sai ya tayar masa da zuciya. Soba kaɗai ke zama. Daga kan gado ya koya mini: a dafa sama-sama, a wanke da ruwan ƙanƙara har santsin ya fita. Romon da kaina nake haɗawa da busasshen kifi da ruwan waken soya, don na kanti yakan zo da giya.

"Kada ki nutsar da ita cikin romon," in ji shi. "Bakinta kawai za ki tsoma, ki zuƙe da ƙara. Ruwan dafuwar kuma a zuba a sauran romon a sha."

A makonsa na ƙarshe, ruwan dafuwar kaɗai nake ɗiga masa da cokali. Nan aka binne shi. Na kasa barin kabarin, na zauna ina dafa wa ɗalibai abinci.

Yau soba mai tambarin halal ta cika manyan kantuna. Nana kan yi tapau ɗinta, wato ta sayo a ƙunshe ta kawo gida, ta labta mata yaji, tana ci tana danna waya. Da zai gani, ban sani ba ko faɗa zai yi ko murna. Na taɓa nuna mata yadda yake ci, ta ce da yaren Malay, "Boleh lah, Mama," wato ba laifi, ta ci gaba da abinta. Ba ta tuna muryarsa.

Digirin bai kammalu ba. Abokansa sun koma gida, kiransu ya ɗauke. Abin da ya bar mini shi ne na ƙware a girkin da har yau ba na iya kai shi bakina. Allah Ya jiƙansa, Ya sa jinyar ta zama kaffara.