Ranar da jirgin abokina ya daina jin magana

Shekarun baya, lokacin da wayar hannu ta fara shigowa Kura, ina da wani aboki mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Kawunsa da ke aiki a Jidda ya kawo masa tsarabar ɗan jirgin sama mai rimot, fukafukansa sun kai faɗin hannun mutum in ya buɗe. Injinsa mai yake sha, amma akwai ƙaramin batir a cikinsa, shi ke sa jirgin ya ji umarnin rimot. In batirin ya mutu a sama, inji zai ci gaba da gudu, sai dai babu mai juya shi.

Saboda haka abokina ya liƙa masa wata 'yar na'ura mai fitilu a gefe. Kore na nufin batir na da ƙarfi, ja na nufin kada a tashi. Aikina shi ne in durƙusa in leƙa in ce "kore ne". Wannan kaɗai nake yi, amma a unguwa har cewa nake ni mataimakin matuƙi ne.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muka tafi wani fili a hanyar Bunkure, kusa da kanal, wato magudanar ruwan noman rani, inda aka riga aka yanke shinkafa. Na leƙa, kore ne shar. Jirgi ya tashi lafiya, ya yi kewaye. Can sai na ga abokina yana ta murɗa rimot, fuskarsa ta canza.

"Ba ya ji na," ya ce a hankali.

Jirgin ya miƙe ya nufi gonakin albasa, inda wani dattijo ya sunkuya yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya. Muka yi ta kiransa, amma ƙarar injin ban-ruwa ta hana shi ji. Jirgin ya sauko ya buge shi a kafaɗa, farfela ta yanke shi a gefen wuya.

Da muka isa yana zaune cikin taɓo, jini ya jiƙa rigarsa. Abokina ya cire tasa rigar ya danne wurin, ba abin da yake cewa sai "Sannu Baba, ka yafe mini." Muka ɗora shi a babur zuwa asibiti, aka yi masa ɗinki. Ma'aikacin asibitin ya ce da yankan ya ƙara matsawa kaɗan, da wani zancen ake yi.

Abokina ya rufe shago, ya daina cin abincin kirki. Har ya ce zai ƙona jirgin. Na ce ya bari mu gano abin da ya faru tukuna. Muka kunna shi a tsakar gida, fitila ta nuna kore. Sai ya motsa sandunan rimot gaba ɗaya, jela da fukafukai suka fara aiki, nan take koren ya koma ja. Ashe batirin ya tsufa. In yana hutawa sai ya nuna ƙarfi, da an ɗora masa aiki sai ya zube.

Muka je duba dattijon a gidansa. 'Ya'yansa ko amsa sallamarmu ba su yi da kyau ba, kuma ban ga laifinsu ba. Abokina ya durƙusa ya yi masa bayani duka, ya ce ya bar harkar jirgi har abada.

Dattijon ya saurare shi har ya gama. Sannan ya ce, "Yaro, ƙaddara ce, na yafe. Amma ni fa ban taɓa ganin abin nan a sama ba, a kafaɗata kawai na san shi. In ka gyara, ka kira ni in gani. Sai dai ka yi nesa da gonar mutane."

Haka aka yi. Da dattijon ya warke, abokina ya sa sabon batir, ya gwada shi yana motsa komai a ƙasa, muka nemi fili inda ba kowa. Dattijon ya zauna a gindin mangwaro, bayanmu sosai, yana kare rana da tafin hannu. Da jirgin ya sauka lafiya ya ce, "To, yanzu na ga abin da ya buge ni. Ashe yana da kyau."

Abin da na koya shi ne, na'urar ba ƙarya ta yi ba, mu ne muka tambaye ta a lokacin da amsar ba ta da amfani. Amma in na tuna wannan lamari, ba batirin ne ke fara zuwa mini ba. Mutumin nan ne, da tabo a wuyansa, da ya lura cewa yaron da ya ji masa ciwo shi ma yana buƙatar a ɗaga shi. Ya rasu tuntuni. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa kamar yadda ya yafe mana.